Sana'ar Gyaran Jiki A Ma'aunin Shari'a

'Yan'uwa Musulmi, 'ya'yanmu mata da yawa suna neman takardar shaidar kitso, ƙunshi da gyaran jiki. Sana'a ce mai asali, domin Ummu Sulaim ce ta shirya amarya Safiyya ga Manzon Allah (SAW) bayan yaƙin Haibara, shekara ta 7 bayan Hijira.

Hukumomi suna da nasu sharaɗi: a jihar New York ta Amurka, sai an yi awa 1,000 ana koyo kafin a sami lasisi. Mu kuwa muna da ƙari, wato sanin iyakokin Allah. Buhari da Muslim sun ruwaito la'ana a kan ƙarin gashi, zanen allura a fata da tsige gira. In amarya ta nemi waɗannan, komai tsokar kuɗin, sai a haƙura da cinikin.

Allah Ya ciyar da mu halal, amin.