Kirsimeti da Masu Neman Gaskiya a Ƙofarmu

Hunturu ya shigo, Kirsimeti ya ƙarato. A Sanyinna da sauran garuruwan Tambuwal da Kebbe mu masu bi ba mu da yawa, kuma da dama cikinmu baƙi ne da aiki ko kasuwanci ya kawo. Da Disamba ta kama sai kowa ya ɗaure kaya ya nufi gida. Majami'a takan zama kusan wayam daidai lokacin da maƙwabci ya fi yin tambaya: wane ne wannan da kuke murnar haihuwarsa?

Ra'ayinmu shi ne bai kamata a bar wannan tambaya ba mai amsawa ba.

Masu neman gaskiya ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. A ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarin abin da Alƙur'ani ya faɗa game da Annabi Isa ya sa shi neman ƙarin sani. An kashe shi saboda koyarwarsa, almajiransa da ake kira Isawa suka watse, wasu suka nufi Ningi. Sun yi shekaru suna jira. Sai a 1913 wasu daga zuriyarsu suka isa wurin Dokta Walter Miller a Zariya, aka karanta musu bishara. Ciwon barci ya yi wa mazauninsu na Gimi ɓarna, amma bangaskiyar ba ta mutu ba, zuriyarsu na cikin waɗanda suka gina ikilisiyar Wusasa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Abin da suka yi shekaru suna jira, yau yana cikin ɗakunanmu.

Mun san dalilin tsoronmu. Ba mu manta da kisan Deborah Samuel a Sakkwato a watan Mayu na 2022 ba. A daren Kirsimeti na 2025 kuma, lokacin da Amurka ta kai hari kan 'yan bindiga a jiharmu, tarkacen makami ya faɗo a Jabo, nan cikin ƙaramar hukumar Tambuwal. Waɗanda suka firgita a daren nan maƙwabtanmu ne. Dole su ji daga bakinmu cewa begenmu ba makaman wata ƙasa ba ne. Begenmu jariri ne da aka kwantar a komin dabbobi a Baitalami, wanda ya mutu ya kuma tashi.

To, me za mu yi? Muna roƙon dattawa su tsara tun yanzu wanda zai zauna a gari cikin makon bikin, don kada ƙofar majami'a ta kasance a kulle. Zumuntar mata ta kai abinci gidajen maƙwabta kamar yadda suke kawo mana nama da Babbar Salla, ba da wani sharaɗi ba. Wanda ya zo da tambaya, mu ba shi wurin zama, mu saurare shi kafin mu yi magana, kuma kada mu zagi addininsa. Kada a tsayar da shi gaban jama'a, kada a ɗauki hotonsa, kada a sa sunansa cikin rahoto. Nikodimu da dare ya zo, Ubangiji kuwa bai tona masa asiri ba. Sakacin bakinmu yana iya raba mutum da gidansa, har da ransa.

Kada kuma mu yi gaggawa. Masana taurari na gabas sun yi doguwar tafiya kafin su ga Almasihu. Juyar da zuciya aikin Ruhu Mai Tsarki ne, namu shi ne mu kasance a wurin, da Littafi a hannu da fuska a sake.

Allah ya kai mu bikin lafiya, ya ba ƙasarmu salama. Amin.