GONA DA IYALI: Ɗorawar da Aka Sayar

A makon da aka komo daga hutun Kirsimati, muna cikin darasin kimiyya da 'yan aji shida, sai muka ce kowa ya faɗi itacen da ke gonarsu. Wani ya ce kuka, wata ta ce kaɗanya. Da aka zo kan wani yaro sai ya sunkuyar da kai, ya ce, "Malam, dā muna da ɗorawa, amma Baba ya sayar wa masu gawayi domin a biya mini kuɗin makaranta." Aji ya yi tsit. Mu ma muka rasa ta cewa, gama kuɗin nan hannunmu suka shigo. Ba mu ga laifin uban ba, wanda bukatar yau ta matsa masa da wuya ya dubi baɗi. Amma tun ran nan muke tambayar kanmu: mun san abin da ke faɗuwa tare da itace sa'ad da aka sare shi?

Masana suna da wani fanni da suke kira ikoloji, watau sanin yadda halittu suke zama da juna, da kuma ƙasa da ruwa da iska da rana. Koyarwarsa ta fari ita ce, babu halittar da ke zaman kanta ita kaɗai. Gona guda, ko fadama, ko tafki, kamar gida ne mai iyali da yawa, kowa da aikinsa, zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ake yi.

Mu ɗauki ɗorawar nan. Da rani takan yi fure, jemagu su zo shan zaƙinsa da dare, ƙudan zuma su zo da sassafe. Cikin yawonsu suna kwasar ƙurar fure daga wannan zuwa wancan, ta haka itacen ke ɗaukar 'ya'ya. In babu su, babu kalwa. In babu kalwa, babu daddawa a miya. Yara su sha garinta, makubarta a gyara daɓe da katanga. Ganyenta ya zuba, gara da tana da wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani su mai da shi taki. Saiwarta ta riƙe ƙasa kada ruwa ya kwashe. Mujiya ta sami wurin sauka a rassanta, ta raba mu da ɓerayen da ke ɓarna. Duk wannan aka sayar a kan buhunan gawayi kaɗan, ɗorawa kuwa takan ɗauki shekaru, wani lokaci har 10, kafin ta ba da amfani sosai.

Akwai kuma sarƙar abinci. Ganye yana karɓar hasken rana ya haɗa abinci daga ruwa da iska. Fara ta ci ganye, ƙadangare ya ci fara, shaho ya ci ƙadangare. A kowane mataki, wajen kashi 1 cikin 10 kaɗai na ƙarfin abincin ke wucewa gaba. Shi ya sa ciyawa ta fi fara yawa, fara kuma ta fi shaho yawa nesa ba kusa ba. Masu cin nama kaɗan ne, saboda haka kashe su ba wuya, amma rashinsu yakan bar mana ɓera da ƙwari. Ku dubi ungulu. Dattawanmu sun san ta cike da mahauta tana share mushe kyauta. Ta ragu ƙwarai har a 2015 aka sa irin tamu cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa a duniya.

In muka ɗaga ido daga gona muka dubi ƙasa baki ɗaya, za mu ga Allah ya shimfiɗa ta shiyya shiyya, ruwan sama ne kuwa ke raba su. A bakin teku, wajen Fatakwal, ruwa yakan wuce milimita 2,000 a shekara, sai ƙurmi mai duhu da kwakwar manja. In aka taso arewa itatuwa suna raguwa, ciyawa tana samun fili. Mu a Funtuwa muna samun wajen milimita 1,000, ƙasar doka da ɗorawa da kaɗanya ke nan, ƙasar dawa da masara da auduga. Daga Malumfashi in aka nufi birnin Katsina, daji yana ƙara buɗewa, kuka da gawo da aduwa suna yawaita, gero yana karɓar wurin masara. Can gaba da Maraɗi sai ƙaya da gajeriyar ciyawa, har a kai Agadas inda ruwan shekara bai kai milimita 200 ba. Mu muna kusa da bakin iyaka ne tsakanin shiyya mai laima da mai ƙishi. Kada kuma mu manta, a nan kusa da Funtuwa Gulbin Sakkwato ya samo asali. In ƙasarmu ta kasa riƙe ruwa, mutanen da ba mu taɓa gani ba za su ji a jikinsu.

Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 ba sa bukatar a gaya musu abin da rashin ruwa ke yi. A 1975 aka buɗe babban aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya. Takin zamani ya shigo, masara ta bazu, rumbuna suka cika, mun gode wa Allah. Amma jama'a ta ƙaru, aka daina barin saura ta huta, aka tumɓuke kututture domin garma ta wuce. Taki na buhu yana ciyar da shuka, amma ba ya mayar wa ƙasa da ruɓaɓɓen ganye da kashin shanu da ke sa ta riƙe laima. Inda ƙasa ta gaji, nan wuta-wuta ke yin sarauta. Tun 2016 kuma ga tsutsar nan mai cin zuciyar masara. Muna ta fesa magani, wani lokaci fiye da kima, har ya kashe zuma da ƙwarin da ke cin tsutsar.

To, akwai mafita? Akwai, ba ta da nisa kuwa. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya lura ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyayi ba ne, itatuwa ne da aka sare, saiwarsu tana nan da rai. Ya shawarci manoma su zaɓi toho mafi ƙarfi a kowane kututture, su rage sauran, su kāre shi. Da fari an yi masa dariya. Daga baya aikin ya bazu, ana kiransa sassaben zamani, har aka ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun komo a gonakin Nijar. In ƙasar da ba ta kai mu ruwa ba ta yi haka, mu fa?

Littafin Farawa sura 2 ya nuna mana aiki biyu Ubangiji ya ba Adamu a gonar Aidan, nomanta da kuma kiyaye ta. Mun riƙe na fari da kyau, na biyun ne ya kuɓuce mana. A Littafin Firistoci sura 25 ma, an umarci Isra'ilawa su bar ƙasa ta huta a shekara ta bakwai, aka kuma tuna musu ƙasar ta Allah ce, su baƙi ne a cikinta. Mu masu riƙon amana ne, za a kuwa tambaye mu.

Ga abin da kowane gida zai iya yi kafin damina. Lokacin sharar gona, a bar toho mai kyau a kututture, musamman gawo, gama shi yakan zubar da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana, yana kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. A hana yara cinna wa daji wuta don neman gafiya, naman kwana ɗaya bai kai takin shekara ba. A riƙa juya masara da wake ko gyaɗa ko waken soya. A tara toka da shara da kashin dabbobi a kai gona. Dattawan ikkilisiya da zumuntar mata kuma su duba yadda za a tallafa wa iyalin da kuɗin makaranta ya matsa musu, kafin gatari ya kai ga itace.

A makarantarmu mun soma da kanmu. Kowane ɗan aji shida ya shuka kalwa a leda, yana ba ta ruwa. Ta yaron nan ta tsiro, ya ce gonarsu zai kai ta da ruwan fari. Allah ya raya ta, ya ba mu hikimar riƙon abin da ya danƙa mana. Amin.