Jitar kwamfuta ba ta da yatsa: magana ga 'yan sitidiyon Kurfai

A saurari waƙoƙin da ke yawo a wayoyin samari daga Filinge zuwa Bonkuku, daga Shikal zuwa Damana. Waƙar biki ce, ta siyasa ce, ta soyayya ce, duk za a ji jita ɗaya tana ƙara a bayansu, da amo ɗaya da taku ɗaya, kamar uwa ɗaya ta haife su. Mafi yawansu babu wanda ya taɓa tsirkiya a cikinsu. Yaron sitidiyo ne ya zauna gaban kwamfuta, ya jera 'yan ɗigo a allo, manhaja ta fitar masa da ƙarar jita. Ni kuwa ina cewa wannan ha'inci ne, kuma makaɗanmu na molo da gurmi da goge su ne ke biyan kuɗinsa.

Kada wani ya yi saurin jefa ni cikin sahun masu cewa kwamfuta shaiɗan ce. Manhajojin nan iri biyu ne, kuma wanda bai rarrabe su ba zai yi ta surutu ne kawai.

Iri na farko yana kwaikwayon amfilifaya ne da lasifika da sauran na'urorin ƙawata sauti. Misalinsa AmpliTube na kamfanin IK Multimedia na Italiya, wanda ya fito a 2002, da Guitar Rig na Native Instruments na Jamus, wanda ya biyo baya a 2004. Makaɗi zai jona jitarsa da kwamfuta ta ƙaramin akwatin sauti, ya kaɗa da hannunsa, manhajar ta ba shi gurnani ko amsa-kuwwa ko amo irin na babban zaure. Wannan alheri ne gare mu. Amfilifaya ta ainihi tana da tsada, tana da nauyi, ba ta jure ƙurar hunturu da zafin bazara da ɗauke wutar da muka saba da ita. Yaron da bai taɓa mafarkin mallakar ta ba yau yana iya samun muryarta a tsohuwar kwamfuta.

Iri na biyu shi ne na rigima. Irin su RealGuitar da Ample Guitar ba sa buƙatar jita, ba sa buƙatar makaɗi. Wani ne a wata ƙasa ya kaɗa kowane sauti ɗaya bayan ɗaya, aka naɗe, aka adana. Kai kuma sai ka buɗe FL Studio ka jera su. Na farko kamar takalmi ne, yana taimakon mai ƙafa. Na biyu cewa yake ƙafar ma ba a buƙatarta.

Ga inda ɓarnar take. Molo da gurmi da goge ba su da ƙarafan nan da aka gitta a wuyan jita. Yatsan makaɗi yana zamewa yadda ya so, ya tsaya a tsakanin sauti da sauti, ya bi hawa da saukar harshen mawaƙi. Hausa harshe ne mai karin sauti, shi ya sa kalangu yake magana, goge yake kiran suna. Allon kwamfuta kuwa matakai 12 ya sani a kowane hawa, bisa ma'aunin Turawa, kuma yana da maɓallin da ke jawo kowane bugu ya zauna daidai kan layi. Ɗan jinkirin da mai molo yake yi don mawaƙi ya ja numfashi, manhaja kuskure take ɗaukarsa, sai ta gyara. Idan ta gama gyaran, abin da ya rage kiɗa ne mai tsabta wanda za a iya cewa daga ko'ina ya fito. Ana iya lanƙwasa sautin da hannu, na sani, amma wa ke zama ya yi wannan wahalar alhali mai waƙa yana tsaye a ka, yana son kayansa kafin la'asar?

'Yan sitidiyo suna da amsa, kuma ya kamata a ji ta. Suna cewa mai waƙa ba shi da kuɗin ɗauko makaɗi. Cewa tsofaffin makaɗa ba su iya bin ƙa'idar ɗaukar sauti ba. Cewa hanya ba lafiya, tun da matsalar tsaro ta addabi jihar Tillaberi ba kowa ke son fita ƙauye neman mai gurmi ba. Maganar tsaro gaskiya ce, amma a kaina take faɗowa ko a kansu? Makaɗin da dokar ta-ɓaci da tsoron dare suka rage wa bukukuwa, sitidiyo ce ƙofar da ta rage masa. A rufe ta kuma, sai ya rataye molonsa ya tafi ci-rani, ɗansa kuwa ba zai koyi sana'ar da ba ta ciyar da ubansa ba. Maganar arha kuma, ai Hausawa sun gama ta tuntuni: arha ba ta ado.

Masu cewa zamani ne ya zo da haka, su dubi waɗanda suka riga su shiga zamanin. Mamman Sani ya naɗi kiɗansa na na'urar lantarki a Yamai tun 1978, kuma yatsunsa ne suka kaɗa shi, da karin ƙasar nan a cikinsa. Har aka sake fitar da shi a waje a 2013. Mdou Moctar ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, da na'urar daidaita murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya. Na'ura ta taimake shi, babu musu. Amma abin da ya kai shi Amurka da Turai hannun hagunsa ne a kan tsirkiya, hannun da ya fara koyo a kan jitar da ya haɗa da wayar birkin keke. Tal National ta Yamai ma haka: jita ce ta lantarki, amma mutane ne ke gumi a kanta. Ban san mutum ɗaya da duniya ta nema saboda ya iya danna sautin da kowa ke da shi a kwamfutarsa ba.

Mun kuma ga abin da ya faru a Kano. Tun da fiyanon Yamaha ya shiga sitidiyoyin finafinai a ƙarshen shekarun 1990, kukuma da kuntigi da gurmi suka koma gefe. Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015. A nuna mini matasa nawa ke riƙe da kuntigi yau. A nan Nijar, biram na Budumawan tafkin Chadi sai da ya rage a hannun tsoho ɗaya, Bukar Tar, kafin Malam Maman Barka ya je ya koya a wurinsa. Shi ma Malam Barka ya rasu a 2018. Kayan kiɗa ba a rana ɗaya suke mutuwa ba. Daina kiran mai su ake yi, shekara bayan shekara.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mu ne muka fi kowa sanin darajar iri. A Tukunus, nan kusa da Filinge, shekara da shekaru ana kiwon shanun Azawak don kada irinsu ya gurɓace. Babu manomin Kurfai da zai cinye irin geronsa don an ce ga shinkafar kanti. To me ya sa muke yi wa kiɗanmu abin da ba za mu yi wa saniya da gero ba?

Abin da nake nema ba mai wuya ba ne. Ɗan'uwa mai sitidiyo, ka riƙe kwamfutarka, amma ka sa makirufo a gaban mai molo, ka ba shi amsa-kuwwar nan da kake ba jitar ƙarya, ka kashe maɓallin da ke daidaita bugu, ka bar shi ya ja ragamar waƙar. Manhajar da ke ƙawata jitar lantarki za ta ƙawata gurmi ma, ba ta tambayar asali. Idan za ka naɗi sautinsa ka adana don wasu waƙoƙin, ka nemi izininsa, ka biya shi, ka rubuta sunansa. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta BNDA don irin wannan aka kafa ta. Mawaƙi kuma, idan kana da kuɗin ɗaukar bidiyo da hayar mota, kana da kuɗin makaɗi. Masu biki da 'yan siyasa da ke ba da kwangilar waƙa, ku riƙa tambaya kafin ku biya: wa ya kaɗa wannan?

Idan amsar ita ce babu kowa, ku sani kuɗinku ya wuce ta kan wani dattijo da ke zaune da gogensa a ƙauye, bai ga ko dala ba.