Dajin Nasarawa: Kada Mu Ƙone Gadonmu Da Hannunmu

Jama'a, duk wanda ya bi hanyar Keffi zuwa Akwanga ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi suna jiran motocin Abuja. Kowane buhu itace ne da ya faɗi, kowane itace kuwa inuwar wata dabba ce da ta gushe. Dattawan ƙasar Keffi suna ba da labarin gada da barewa da gwanki da mafarauta kan samu ba da nisa da gari ba. Yau yaro ya girma bai san su ba sai a littafi.

'Yan'uwanmu mazauna Ikko sun san gandun Lekki, wanda aka kafa a 1990. Faɗinsa hekta 78 ne kacal, amma mutane na biyan kuɗi, har da layi, don su kalli birai da itatuwa. A tsibirin Zanzibar kuma, dajin Jozani, wanda ya zama gandun ƙasa a 2004, yana jawo baƙi daga Turai saboda wani jan biri da ba a samu ko'ina sai a Zanzibar. Ana ba ƙauyukan da ke kewaye rabo daga kuɗin shiga, don haka manomi ya daina ɗaukar biri maƙiyi, ya zama mai gadinsa.

To, mu me muka rasa? Yankari, wadda aka keɓe tun 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, tana da giwaye da maɓulɓular ruwan ɗumi ta Wikki. A Jihar Nasarawa akwai Farin Ruwa a ƙasar Wamba, ruwa mai gangarowa daga tsayin kimanin mita 150. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a mai da dazuzzuka 10 gandayen ƙasa, ciki har da Marhai na Nasarawa da Pandam na Filato. Keffi kuwa ita ce ƙofar da baƙo daga Abuja zai bi. Masauki da abinci da mota da ɗan rakiya, duk aikin yi ne ga samarinmu da ke fita kudu neman abin kai.

Amma sa hannu a takarda ba ya tsare daji. Dajin da ba mai gadi, mai gatari ne ke fara shiga, ɓarawo mai bindiga ya biyo baya. Tilas a ɗauki masu gadi daga cikin mutanen wurin, a biya su kan lokaci, a yanka wa ƙauyuka rabonsu a fili. Kuma ba adalci ba ne a kori mai gawayi ba a ba shi wata sana'a ba, domin yunwa ce ta miƙa masa gatari. A sauƙaƙa wa matan birni gas ɗin girki, sai kasuwar gawayi ta ragu da kanta.

Ku kuma da ke Ikko da Ibadan da Fatakwal, kuna da ƙungiyoyin gari, kuna da murya. In kun zo gida da Salla, ku tambayi sarakuna da wakilanku inda maganar Marhai ta tsaya. Ku sa dashen itatuwa cikin ayyukan da kuke tara wa kuɗi, kamar yadda kuke yi wa masallaci da rijiya. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya sa mu bar wa jikokinmu daji, ba toka ba.