Dabarun Gida: In Firinta Ta Yi Magana, A Saurare Ta

 Zancenmu na wannan wata a kan firinta ne, watau na'urar nan da ke buga takarda daga kwamfuta ko waya. Gidaje da dama sun saye ta domin aikin makarantar yara, ko ɗan kasuwancin uwargida, ko tsarin sujada na ranar Lahadi. Amma ran da ta tsaya, ta rubuto waɗansu kalmomin Turanci ko lambobi, sai hankalin gida ya tashi.

Bari mu fara da abin da ya same mu, ko da yake da kunya. Wani dare 'yarmu tana bukatar takardar shiga jarrabawa, da asuba kuwa za ta kama hanya. Muka ce a buga, firinta ta ƙi, ta rubuto "Paper jam", watau takarda ta maƙale. Muka buɗe gaba, muka buɗe baya, ba mu ga kome ba. Nan take muka juya kan ƙanenta, gama shi ne ya taɓa na'urar da rana. Muka yi masa faɗa har ya kwanta bai ci tuwo ba. Can wajen ƙarfe 11 uwargida ta ce, "Baban yara, kawo tocila mu duba a hankali." Ashe wani ɗan guntun takarda ne, bai fi farce ba, ya tokare wani ƙaramin harshe na roba a hanyar takarda. Guntun kuwa ruwan ɗorawa ne, ragowar wadda mu da kanmu muka fizge kwana biyu kafin nan. Takardar jarrabawa ta fito, amma da safe sai da muka roƙi yaron gafara. Lalle rashin sani ya fi dare duhu.

Abin da muka koya shi ne, firinta ba ta da ido. Tana da 'yan na'urorin ji ne a cikinta, abin da suka gaya mata shi take faɗi. Harshen nan na roba, in takarda ta wuce yakan kwanta, in ta fita ya miƙe. Muddin bai miƙe ba, firinta za ta yi ta cewa akwai takarda a ciki. Saboda haka saƙonta yana nuna wurin da za a duba ne, ba kullum yake faɗin ainihin ciwon ba.

Da fari, kowane saƙo ya fito, a rubuta shi a takarda daidai yadda yake, har da lambobinsa, a kuma rubuta sunan firintar da lambarta. In fitila ce take ƙyaftawa, a ƙidaya sau nawa take yi kafin ta huta, gama a waɗansu na'urori ƙidayar nan ita ce saƙon. Sa'an nan a kashe ta, a zare wayar lantarki, a jira minti ɗaya, a mayar. Sau da yawa wannan kaɗai yakan isa. In bai isa ba, a sa ta buga shafin gwaji daga maɓallanta, ba tare da kwamfuta ba. In shafin ya fito sumul, firinta lafiyarta ƙalau, laifin yana wajen kwamfuta ko abin da ya haɗa su.

To, ga saƙonnin da suka fi ruɗa mutane.

In takarda ta maƙale da gaske, a kashe na'urar tukuna, a kama takardar da hannu biyu, a ja ta sannu sannu ta hanyar da ta saba bi. Garaje ba ƙarfi ba ne. Bayan an fitar da ita a shimfiɗa ta a duba, in wani gefe ya ɓace, yana ciki ke nan. Kada a sa wuƙa ko ƙusa.

Wani lokaci kuma takan ce "Out of paper", watau babu takarda, alhali ga takarda nan cike. Tayoyin roba da ke jan takarda ne suka yi santsi. Da hunturu ƙura takan rufe su, sai a goge su da tsumma mai ɗan laima, a bari su bushe. Da damina kuwa takarda takan sha sanyi ta manne da juna. Maganinsa a riƙa ajiye rim ɗin nan mai takarda 500 a cikin ledarsa, a ɗebo daidai bukata, a karkaɗa ta kafin a zuba.

Akwai wani saƙo da ya yi suna a duniya saboda ruɗa mutane, shi ne "PC LOAD LETTER" na tsofaffin firintocin HP LaserJet. Mutane sun zaci kwamfuta ake nufi, ko wata wasiƙa. Ba haka ba ne. PC a nan akwatin zuba takarda ne, Letter kuwa sunan girman takardar da ake aiki da ita a Amurka da Kanada. Faɗinta milimita 216, tsawonta 279. Tamu ita ce A4, faɗinta 210, tsawonta 297. Kwamfuta ta ce a buga a kan ta Amurka, firinta ta duba ta ga A4, sai ta tsaya. Sababbin na'urori sukan ce girman takarda bai dace ba, amma ciwon ɗaya ne. A shiga wurin tsara shafi a zaɓi A4, shi ke nan.

"Offline" ba ya nufin firinta ta lalace. Ma'anarsa kwamfuta ta kira, ba ta ji an amsa ba. A duba kebul ko ya saki, a gwada wata kafar. In ta Wi-Fi aka haɗa su, a tabbata dukansu biyu suna kan layi ɗaya. In an sake sunan layin ko kalmar sirri, sai an sāke gabatar da firinta gare shi. Kuma kada a yi ta danna "buga" sau goma, gama ayyukan suna taruwa ne a jere, na farko da ya maƙale ya tare sauran. A share su duka, a aika ɗaya.

Batun tawada shi ne mai cin kuɗi. Firinta iri biyu ce a gidaje, mai tawadar ruwa da mai garin tawada, wadda ake kira leza. In ta ce tawada ta yi ƙasa, yawanci lissafi ne take yi da yawan abin da ta buga, ba leƙawa ta yi ba. Shi ya sa kurtun da aka sāke cikawa yakan ci gaba da nuna babu kome. Mai gari, a zaro kurtun a jijjiga shi a hankali dama da hagun, zai ƙara buga waɗansu shafuffuka. In garin ya zuba a riga, a kakkaɓe a wanke da ruwan sanyi, gama ruwan zafi manna shi yake yi. Mai ruwa kuwa, da zarar rubutu ya soma dishi dishi a dakata, domin bugu da busasshen kurtu yana iya ƙona bakin da ke fesa tawadar. In an sa sabon kurtu ta ce ba ta san shi ba, a duba ko an ɓare ledar bakinsa, a goge 'yan ɗigon tagulla na jikinsa da busasshen tsumma, a tura shi har a ji ya ce ƙyas.

Akwai kuma saƙonnin da suka fi ƙarfin gida. Lambar 5B00 a firintar Canon tana nufin sosan da ke tsotse ragowar tawada ya cika bisa ga lissafin na'urar. Na Epson su ma suna da irin wannan gargaɗi. In mai gyara ya share lissafin kawai bai sake soson ba, wata rana tawada za ta iya malalowa a kan tebur. Lamba 50 a HP LaserJet tana nuna wurin gugar nan da ke narkar da gari a kan takarda, wanda zafinsa yakan kusa digiri 200. Kada a sa hannu wurin sai ya huce. Raunin lantarki yakan jawo wannan lamba, gama leza tana jan wuta da yawa sa'ad da take ɗumama. A jona ta kai tsaye a bango, a jira wuta ta yi ƙarfi, kada a ɗora ta a kan ƙaramin janareto ko ƙaramin batirin ajiyar wuta. In lambar ta dawo, a kai ta wurin mai gyara, tare da takardar nan da aka rubuta saƙon. Wanda ya je da lamba a hannu, da wuya a sayar masa da abin da bai lalace ba.

Rigakafi ya fi magani. A riƙa rufe firinta da ƙyalle, mai tawadar ruwa kuma a buga ko shafi ɗaya a mako domin kada ta bushe. Takarda mai muhimmanci a buga ta tun da sauran kwanaki, gama ba a fafe gora ranar tafiya. A koya wa yara yadda ake zuba takarda da yadda ake karanta saƙo, maimakon a hana su kusantarta. In kuwa ta tsaya, a fara neman tocila kafin a nemi mai laifi. A gidanmu yanzu yaron nan shi ne mai riƙe da littafin lambobin, kuma ya fi mu saurin gane su.