Ɗakin jarrabawa da ɗalibi mai otizim

Hedikwatar NECO a nan Minna take, kan hanyar Bida. Don haka daga nan ya kamata gyara ya fara.

Ɗalibi mai lalurar otizim sau da yawa ya san amsar sarai. Abin da ke kayar da shi zauren ne: ƙarar janareta, jan kujeru, tsawar mai sa ido, ga ɗaruruwan yara a cushe. Sai ka ga ya toshe kunnuwa, yana kaɗa jiki, takardarsa fara fat. A gida a ce aljanu, a makaranta a ce taurin kai. Wannan zalunci ne.

Tun 2017 JAMB ta ware tsari na musamman ga makafi, daga baya ta shigar da masu otizim. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya kuma ta samu sa hannu a Janairun 2019.

Muna kira ga NECO da Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Neja su tanadi ɗaki mai shiru, ƙarin lokaci, da malamin da yaron ya saba da shi. A sanar da iyaye tun wajen rajista, ba ranar jarrabawa ba.