Maganin Ciwon Jiki Ba Gyaɗa Ba Ne

Sanin kowa ne cewa a Ƙofar Doka, kamar sauran mashigai na birnin Zariya, cinikin maganin ciwon jiki ya zama ruwan dare. Direba da lebura da ma'aikacin ofis, kowa sai ya tsaya kemis ko wurin mai talla ya karɓi Diclofenac ko Ibuprofen, ya haɗiye ba tare da likita ya rubuta masa ba. Abin tsoro shi ne, da yawa cikin masu wannan ɗabi'a suna ɗauke da hawan jini ba su sani ba.

Waɗannan magunguna suna kashe zogi ta hanyar toshe wani sinadari na jiki mai haddasa kumburi. To, amma sinadarin nan yana da hannu wajen buɗe jijiyoyi da hana jini daskarewa. Yawan shansu yakan sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, jini ya hau. Har wa yau, bincike a ɗakin gwaji ya nuna wasu cikinsu suna rage wa ƙwayoyin bangon jijiya ƙarfin fitar da kitsen da ake kira kolestarol, wanda taruwarsa ce ke tsuke hanyar jini.

Duniya ta riga ta ga aya. A 2004 kamfanin Merck ya janye Vioxx daga kasuwa saboda bugun zuciya da shanyewar jiki. A 2013 hukumar magunguna ta Turai ta hana ba masu ciwon zuciya Diclofenac. A 2015 takwararta ta Amurka ta yi gargaɗi cewa hatsarin yana iya farawa tun makonnin farko na sha.

Wannan ba ya nufin a ƙaurace wa magungunan ɗungurungum, domin suna da amfani in an sha kaɗan, na 'yan kwanaki. Amma mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko na ƙoda, wajibi ne ya ga likita tukuna.

Saboda haka ya kamata Hukumar NAFDAC da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna su sa ido kan masu tallan ƙwayoyi a tashoshin mota, masu kemis kuma su riƙa tambayar mai saye lafiyarsa kafin su miƙa. Ɗalibai da ma'aikata, da yake Allah ya ba su ilmi, su ne za su kai wannan gargaɗi ga iyaye a gida. Rigakafi dai ya fi magani.